Ranar da Na Ɗaure Sule a Likkafani

Talata: Gaya zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gida a Gaya, da 'yar jakata da almakashina a ciki. Ni tela ne, kuma shekara ashirin da wani abu ni ake kira a unguwarmu in namiji ya rasu, in yi masa wanka, in yanka likkafani, in ɗaure. Wannan aikin ne ya kai ni Dubai, ba saro kaya ba.

Ƙanena Sule, autan Inna, yana aikin kago, wato ɗaure kayan 'yan kasuwa da lodinsu, a can tun da jimawa. Wasu Turawan Holan suka je ɗaukar fim, suka gan shi yana faɗa da masu dako, suka ce shi suke nema. Zai fito a matsayin wani Bahaushe da ya haifi 'ya a ƙasarsu ya gudu, 'yar ta girma ta biyo sawunsa, ta iso ta tarar ana shirya gawarsa. Da suka nemi wanda ya iya suturar mamaci yadda muke yi, sai ɗan banzan ya ba su sunana, suka aiko da biza da tikiti.

Inna ta ce ba da yawunta ba. Mai rai ya kwanta cikin likkafani, ai kiran mutuwa ne, ga shi Sule da ciwon asma tun yana goye. Ta bar ni in tafi ne kawai don in hana. Da na durƙusa yi mata sallama, ta riƙe bakin rigata. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba.

"Kai, ka dawo min da labarin Auta yana tsaye da ƙafarsa."

Na hau wata tsohuwar Golf, mu shida. A gadar Wudil aka tsayar da mu, ɗan sanda ya leƙo ya ce mu yi addu'a, direba ya miƙa masa addu'ar ta taga. Kilomita sittin da 'yan kai ne, amma sai bakwai da kwata muka shiga Kano. A filin jirgi suka ƙwace almakashin, wanda na gada daga mahaifinmu, wai makami ne. Na yi magiya har na gaji. Tun daga nan na ce tafiyar nan ba ta fara da daɗi ba.

Laraba: Abu Hail da Naif

Mun tashi ɗaya da rabi na ranar Talata, muka yada zango a Addis Ababa, inda na sayi shayin da kuɗinsa zai ciyar da gidana yini guda. Gab da asubar Laraba muka sauka Dubai. Ƙofar fita na buɗewa zafi ya mare ni kamar na leƙa tandar gurasa. Sule na tsaye, ya tara gemu saboda fim, furfura ta fito masa. Wallahi sak mahaifinmu a shekararsa ta ƙarshe.

Tasi ta kai mu unguwar Abu Hail cikin minti goma sha biyar, dirhami arba'in. Fulat ne mai ɗaki uku, su tara a ciki, gado kan gado. Wani ɗan Zinder ya bar mini gadonsa na ƙasa, ya ce baƙon Sule baƙon kowa ne. Na ga abin shaƙar asmar Sule, inhela, a ƙarƙashin matashinsa. Na girgiza shi, na ji saura kaɗan.

Bayan la'asar ya ja ni Naif, lungunan da mutanenmu ke saro takalma da jakunkuna. Hausa ta ko'ina, sai ka rantse Kwari ce aka sa wa gilashi. Muka sayi farin yadi da sabon almakashi a shagon wani Ba'indiye, sannan muka zauna cin tuwo da miyar kuka a bene na biyu, dirhami ashirin kwano. A nan na sauke masa saƙon Inna.

Bai yi gardama ba, sai labari ya shiga ba ni. Wai fim ɗin mutanen Holan ba irin na Indiya ba ne, ba irin namu ba. Ba rawa, ba waƙa, mutum biyu za su zauna suna cin burodi da cuku ba mai cewa uffan, kyamara na kallonsu har mai kallo ya fara hawaye. Wai duk shekara suna taron ba da kyauta a ƙasarsu, kuma daraktar nan tasu, Madam Femke, sau biyu ana sa ta a jerin masu nema tana faɗuwa. Na tambaye shi mece ce kyautar. Ya ce ɗan maraƙi ne na zinare. Na ajiye lomata na ce a'uzubillahi, wato a kan maraƙin Samiri za ka shiga likkafani? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, tarin da ni bai ba ni dariya ba.

Da ya lafa ya ce, "Yaya, shekara goma sha tara ina ɗaga kwalin wasu a garin nan, ba wanda ya taɓa kallon fuskata. Na sa hannu, khalas, magana ta ƙare. In ka ƙi, su za su naɗe ni yadda suka gani a waya. Hannunka ko nasu?"

Na ce nawa.

Alhamis: gwaji

Motar 'yan fim ta ɗauke mu tara na safe zuwa wani tsohon sito a bayan Abu Hail, tafiyar minti goma. Sun mai da shi ɗakin gwauraye, har da buta da darduma. Mutum kusan ashirin, duk dogaye, kowa da waya a kunne. Madam Femke ta fi ni tsayi da kai guda. Ta gaishe ni da hannu a ƙirji, ta ce ta bakin Sule kada in yi wasan kwaikwayo, in yi yadda nake yi a gida kawai. Yarinyar da za ta fito a 'yar Sule kuwa wankan tarwaɗa ce, uwarta Baturiya, ta haddace "Baba" da "sannu", ta gwada su a kaina.

Na gindaya sharaɗi uku, Sule ya fassara. Ba auduga a hanci. Ƙullin kai zan bar shi sako-sako da kafar iska. In kuma numfashi ya ƙi, Sule zai motsa babban ɗan yatsan ƙafarsa, a tsaya nan take. Suka yarda. Su ma suka ba ni nasu sharaɗin: da zarar an fara, ba mai magana, ba mai motsi, sai Madam ta ce "kat", wato a tsaya. Muka gwada sau biyu da fuska a buɗe, lafiya lau. Abincin rana burodi ne da cuku mai sanyi, na gane ashe Sule bai yi musu ƙarya ba.

Inna ta kira da yamma ta wayar maƙwabta. Na ce mata muna kan magana. Ƙarya ce, kuma ta kwana tana cina.

Asabar: ɗauka

Juma'a aka huta. Asabar ƙarfe goma da minti ashirin aka rufe ƙofar siton. Abin da ba a yi ba ranar gwaji sai yau: mai ɗaukar sauti ya sa aka kashe na'urar sanyaya ɗaki, wai ƙararta na shiga. Aka kunna fitilu manya guda huɗu. Kafin a fara rigata ta jiƙe. Aka kawo kasko da turaren wuta, ni da kaina na turara yadin, don haka ake yi. Sule ya kwanta a tabarma, an shafa masa wata hoda da ta mai da shi toka-toka. Ya kashe mini ido ɗaya, ya ce yalla, mu je Yaya, sannan ya saki jiki.

Aka yi tsit. Na durƙusa na ce bismillahi.

Jama'a, sabo turken wawa. Da na ɗora hannu a kan yadin nan na ga fuskar mahaifinmu a ƙasa, sai Dubai ta ɓace mini. Na manta da fitila, na manta da Turawa. Hannuna ya shiga aikin da ya yi sau ɗaruruwa. Na haɗa manyan yatsun ƙafarsa na ɗaure da tsumma. Na ja ɓangaren hagu, na rufa na dama, na ƙulle ƙafa, na ƙulle tsakiya. Na rufe fuska, na murɗe yadin sama da kai, na ja ƙulli na tamke, yadda ba zai kwance a makara ba. Na ja da baya na zauna, ina karanta abin da ake karantawa.

Yarinyar ta shigo ta durƙusa a gefensa. Ba ta ce komai ba, haka aka tsara. Minti ɗaya, biyu. Ni kuma na kai idona kan ƙafar Sule ina jiran alama, na ji daɗi da ban ga motsi ba. Sai da na ƙara duban ƙullin ƙafar, sannan na gane. Wane yatsa zai motsa? Ni na ɗaure shi da hannuna.

Na dubi ƙullin kai. Babu kafa. Na dubi ƙirjinsa, yadin ba ya ɗagawa, kuma ban sani ba ko iya kwaikwayo ne ko numfashin ne ya tafi. Na dubi Madam, idonta na kan ɗan allon da ke nuna mata hoton, hawaye na bin kumatunta, ba ta da niyyar cewa kat. Ba na jin yarensu, ba na jin Turanci, mai fassara mini ɗaya ne a duniyar nan, shi ne a cikin likkafanin. Tsoro irin wannan ban taɓa jinsa ba, ko ranar da na fara wanke gawa ni kaɗai. Na ce a raina ko ni ne zan ɓata wa mutum ashirin aiki a banza, Sule ya tashi ya ce na kunyata shi. Ina cikin wannan shawarar ta wauta na ji wani ɗan siririn fito daga cikin yadin, irin wanda nake ji daga shimfiɗarsa muna yara.

"Sule!"

Ban san na tashi ba. Na ture yarinyar, na kama ƙullin, ya ƙi, don ni na yi shi kuma na iya. Na sa haƙori, ya ƙi. Na zaro almakashin Ba'indiye daga aljihu na keta yadin daga kai har ƙirji. Leɓensa ya yi baƙi, idonsa a waje, bakinsa a buɗe yana neman iska ba ta shiga. Na ɗago shi a ƙirjina ina kiran sunansa, ina kiran sunan Allah. Yarinyar ce ta ruga ta ɗauko inhelar daga wandonsa da ke rataye, tana kuka tana cewa Baba, Baba. Wani ma'aikacin jinya da suka ajiye ya zo da tukunyar iska. Sai a lokacin na ji an ce kat.

Asibiti muka yini. Likita ya ce hayaƙin turare da zafi ne suka tayar da ciwon, ƙullin ya ƙarasa. Da Sule ya samu bakin magana ya ce tun minti na biyu yake ta motsa yatsa. Na kasa haɗa ido da shi.

Madam Femke ta zo bayan la'asar, fuskarta ja. Ta ba da haƙuri, ta ce minti shida ne cif, kuma laifinta ne da ta kalli allo ba ta kalli mutum ba. Sannan ta tambaya ko za mu yarda ta bar wurin da na keta yadin a cikin fim ɗin, a matsayin mafarkin 'yar. Raina ya ɓaci, na ce wa Sule ya gaya mata wuyansa ne, shi za ta tambaya. Shi kuwa gogan, da robar iska a hanci, ya ɗaga mata babban yatsa. Ni abu ɗaya na nema, a ba ni yadin. Ba zan bar shi a sito a hannun baƙi ba.

Litinin zuwa Talata: gida

An sallami Sule ranar Lahadi. Litinin ya rako ni filin jirgi da ƙafarsa, na saya masa inhela biyu na cusa masa a aljihu, ya ce Yaya ka cika tsoro. Na ce na ji. Ta Addis na sake biyowa, na sauka Kano sha biyu da rabi na ranar Talata, na iso Gaya ana kiran la'asar. Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ina gode wa ɗan Zinder da ya kwana biyar a ƙasa saboda ni, da yarinyar nan da ta san inda inhela take. Ko sun ci maraƙinsu ko ba su ci ba, ban tambaya ba.

Inna na zaune a bakin ɗakinta tana jan carbi. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

"Ka hana shi?"

"Ban hana ba, Inna. Ni na ɗaure shi."

Carbin ya tsaya. "Wa ya kwance?"

"Ni."

Na kira mata Sule, ta ji muryarsa, ba ta ce masa komai ba sai Allah ya yi maka albarka. Sannan na fito da yadin na gaya mata duk yadda aka yi, ban rage ba. Na ce gobe zan haƙa rami in binne shi. Ta karɓa, ta warware, ta bi tsagar almakashin da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ta shinshina, ƙamshin turaren na nan.

"Ba za a binne shi babu kowa a ciki ba," in ji ta. "An kira mutuwa da yadin nan, ka hana ta ɗana. In ta dawo neman kayanta, ta same shi a akwatina."

Na ce Inna, na namiji ne, kuma a kece yake.

"Kai ba tela ba ne, Habu? Ka ɗinke, ka ƙara kallabi."

Shekarata hamsin da biyar, ranar ce ta fara kiran sunana. Washegari na zauna a kan keke na ɗinke shi.