Kyamarar da Ba Kaset a Ciki

Ranar da rediyo ta sanar da rasuwar daraktan nan, ina zaune a tsakar gidanmu a Zuru ina duba takardun jarrabawar ɗalibaina. Mai gabatarwa ya yi ta zuba masa kirari: uban wasan kwaikwayo, wanda ya fito da al'adunmu idon duniya, mai girmama na ƙasa da shi. Na ajiye jan biro na ja tsaki har kaji suka watse. An ce ba a zagin mamaci, ni ma ba zaginsa zan yi ba. Abin da na gani zan faɗa, in ya zama zagi, to shi ya jawo wa kansa.

Kowa a ƙasar nan ya san shi. Ya fara da wasan mako-mako a gidan talabijin na jiha, tun muna yara muna leƙe ta tagar maƙwabta a bariki. Da kasuwar kaset ta buɗe, ya ajiye aikin gwamnati ya koma fim. Shekara da shekaru abu ɗaya yake yi: baƙauye ya shigo birni ya ga fanka ya ruga a guje, baƙauye zai hau mota ya tuɓe takalmi ya bari a ƙasa. Tuwon jiya yake ta ɗumamawa, ko miya ba ya sakewa. Mu kuwa muna ta ƙyaƙyata dariya, don bai taɓa zuwa mana a rai cewa mu ne ƙauyawan ba.

A farkon shekarun dubu biyu, da damina, ya sauka Zuru da bas cike da 'yan wasa, da malfa a ka da usur a wuya kamar alƙalin ƙwallo. Ya ce fim zai yi a kan mazan jiya, tunda garinmu garin sojoji ne, kusan duk ɗakin da ka shiga sai ka ga hoton wani da kaki a bango. Yana neman tsohon kaki na gaske mai lambobin yabo. Ni, da rawar kaina, ba wanda ya aike ni, na ja shi har gidanmu.

Babana tsohon saje ne, ya yi yaƙin basasa. Kakinsa na cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, sau ɗaya yake fitowa a shekara, ranar tunawa da tsoffin sojoji, Mama ta goge shi da dutsen guga na gawayi. Bai taɓa ba mu labarin yaƙin ba. In mun tambaya sai ya ce mu je mu yi karatu. Abin da muka sani kawai, ya tafi tare da wani amininsa ɗan Wasagu, ya dawo shi kaɗai.

Baba ya ce ba ya ba da aron kaki. Sai darakta ya cire malfa ya tsugunna har ƙasa.

“Baba, ai ba kaya munka zo biɗa ba, kai munka zo biɗa,” in ji shi. “Ka zamna gaban na'ura ka hwaɗa muna abin da kag gani, jikokinka su ji shi daga bakinka.”

Daga ƙarshe Baba ya amince. Washegari ya yi aski, ya sa kakin, ya zauna a ƙarƙashin mangwaro. Aka kafa masa kyamara a kan ƙafafunta uku, darakta ya busa usur ya ce shiru ake so, aka kore mu duka har da Mama. Ni ko a jikina, na tafi kallon 'yan wasa mata suna kwalliya a cikin bas. Kusan awa biyu Baba na magana. Da na dawo idanunsa sun yi jajur. Ya shiga ɗaki ya tuɓe kakin, ya ninke da hannunsa ya miƙa musu. Bayan mako biyu suka aiko da shi a cikin leda, yana tsami.

Da fim ya fito, Baba ya gayyaci tsoffin abokan aikinsa. Ya aika har Wasagu, ɗan amininsa ya zo a kan babur, magidanci da bai taɓa ganin ubansa ba. Ranar Lahadi ce bayan an taso daga majami'a. Aka ari janareta, Mama ta yanka zakara ta dama kunu.

Da aka kunna fim, sai ga kakin Baba a jikin ɗan barkwanci. Wai maigadi ne mashayin burkutu, lambobin yabo na reto a kan tumbinsa, yana tangaɗi yana sara wa akuya, yana kwaikwayon yadda tsofaffinmu ke Hausa. Yara suka fara dariya, Mama ta harare su. Tsoffin sojoji kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa.

“Ku yi haƙuri, wannan wasa ne,” in ji Baba. “Nawa yana gaba.”

Muka zauna har fim ya ƙare, sunayen 'yan wasa suka gama hawa. Ya ce wataƙila yana kashi na biyu. Kashi na biyu ya fito, na uku ma ya fito, duk ya sa na saya, kuma duk akuyar ce.

Da hutu ya zo na shiga mota na tafi birni ofishinsu, raina a ɓace. Aka ce darakta na taro. Irinsu kullum suna taro. Mai ɗaukar hoto na samu yana cin gyaɗa a bakin ƙofa, na ce kaset ɗin hirar babana na zo karɓa. Ya yi dariya har da buga ƙafa.

“Malama, wane kaset? Ai rannan babu kaset cikin kyamara. Kaset tsada garai. Haka Oga ka yi ma tsohhi in yana son wani abu hannunsu. Ya yi ma wani sarkin noma, ya yi ma wata tsohuwa mai saƙa. Da an juya musu na'ura, sai su ba da komi.”

Yana faɗa yana taƙama, kamar mai ba da labarin hikimar malaminsa. Ban zage shi ba, don wa zan zaga? Ni na kai su. Ni ce kuma na bar ubana yana zubar da abin da ya riƙe fiye da shekara talatin a gaban akwatin banza, ina can ina kallon janbaki. Na dawo gida na ce wa Baba ana kan gyaran hirar tasa.

To, ranar sanarwar nan Baba na kan kujerarsa, shi ma ya ji rediyon.

“Allah ya ji ƙansa,” ya ce. “Malama, in kin je gaisuwa ki tambayi iyalinsa kaset ɗin nan. Ya kamata yaron Wasagu ya ji yadda ubansa ya mutu.”

Na tashi na ɗauko rikodata, na sa sabon kaset, na ajiye a gabansa.

“Baba, kafin a samo wancan, ka sake faɗa mana. Ga tawa.”

Ya dubi rikodar, ya ture ta gefe da bayan hannu.

“Na riga na faɗa. Irin wannan ba a faɗa sau biyu. Yana wurinsu, ki je ki karɓo.”

Baba ya rasu kafin a yanke dawar shekarar, kuma ba wata rediyo da ta yi masa kirari. Ɗan amininsa yana shigowa Zuru ranar kasuwa har yanzu. In ya hango ni sai ya tsayar da babur ya gaishe ni da ladabi, ya ce, “Malama, an samu?” Ni kuma in ce masa ana nema.