Da Na Kai Inna Gun Likitar Sabon Gari

Litinin: Gumel zuwa Fagge

Ana sallame sallar asuba muka nufi tasha, ni da Inna. Wata uku ke nan abinci ba ya zama a cikinta, loma biyu ta ce ta ƙoshi, ga rama har zobenta ya fara zamewa. A asibitin garinmu aka ce mu tafi Kano a leƙa cikin da na'ura, kada ya zama ciwon daji. Tun da na ji kalmar nan hankalina bai kwanta ba.

Ni ce 'yar farinta, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko dai "ke", ko "waccan". A mota ma juya mini kafaɗa ta yi, ta kama hira da wata mai kaji. A shingen Gezawa ɗan sanda ya leƙo, direba ya ce, "Yallaɓai, marar lafiya na ɗauko." Ɗan sandan ya dubi Inna ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Hajiya," ya ɗaga mana hannu.

Kafin azahar ɗan adaidaita ya sauke mu a Fagge, gidan ƙanenta Kawu Sani mai sayar da atamfa. Matarsa ta dama kunun gyaɗa, Inna ta kurɓi kaɗan ta ture kofin. Daga magariba kuma ba ci, haka asibiti suka ce.

Talata: Sabon Gari

Da hantsi muka ratsa masu tura kura da masu dakon yadi muka shiga Sabon Gari. Likitar mace ce, Dakta Ngozi, haifaffiyar unguwar, Hausarta ta fi tawa. Bayan gaisuwa ta ce, "Mama, kina da shekara nawa kika fara al'ada? Haihuwarki nawa? Yaushe jinin ya ɗauke?"

Inna ta ƙura wa bango ido. Na ce, "Inna, ki ba ta amsa mana." Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Likita, cikina ke ciwo. Ba awo na zo ba." Ta fara laluben takalmanta. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san in ta miƙe ba mai dawo da ita.

Likita ta dube ni ta dube ta, ta yi murmushi. "Mama, wannan ce ta fari?" Inna ta sunkuyar da kai. "To Malama, jira mu a waje." Ashe ni ce matsalar.

Da likita ta fito ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Dajin ciki ya fi kama maza, shi ya sa ake zaton sinadaran jikin mace na shekarun haihuwa suna ɗan kare ta. Wadda jininta ya ɗauke da wuri, wataƙila kariyar ta ragu, kuma na Inna da wuri ya ɗauke. "Amma ba tabbas ba ne, ana kan bincike. Abin da ya fi damuna ƙwayar cutar da ke zama a ciki, da yawan gishiri."

Aka yi wa Inna allura, aka zura na'urar. Gyambo aka gani da alamar ƙwayar cutar, aka ɗebi ɗan nama za a gwada. Likita ta ce bai yi mata kama da daji ba, amma sai sakamako ya fito.

Na shiga na sami Inna allura ba ta sake ta ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta ce, "Hauwa'u, kin ci abinci?" Kuka na yi, na daɗi.

Laraba: Gida

Da la'asar muka iso Gumel da ledar magunguna. Muna shiga zaure Inna ta ce wa ƙanwata, "Karɓi kayan hannun waccan." Inna ba ta san ta kira sunana jiya ba, ni kuma ba zan gaya mata ba. Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da Kawu Sani, da likitar da ta kore ni waje.