Tela da Marainiya

Kowace safiya, tun kafin ta ajiye jaka, sai ta kunna tsohuwar kwamfutar da ke bayan ƙofa ta goge duk abin da ke cikinta tas. Muna kiran kwamfutar Marainiya, don ba a barinta da komai. Ita kuwa mai gogewar Tela muke ce mata, ko da yake ban taɓa ganin allura a hannunta ba.

Ga asalin sunan. Masu sayar mana da na'urorin bincike suna haɗo su da manhaja ɗinkakkiya, kamar rigar kanti, ba sa nuna wa kowa yadda aka yanka ta. Ka sa ta a kwamfutocin ɗakin bincikenmu, ta ƙi buɗewa, don tana neman wasu fayilolin taimako a inda tsarinmu ba ya ajiye su. Tela ce ke lallaɓa ta, ta gano abin da take nema, ta nuna mata inda yake, ta ƙunshe komai wuri guda yadda irina, da ban iya komai ba sai danna maɓalli, zai danna ta buɗe.

Ni mai awon ruwa ne, kuma na ga aikinta da idona. An taɓa rufe rijiyar wata unguwa bisa zargin gurɓata, aka kawo mana ruwan. Muka sha wahalar shirya samfurin, sai manhajar na'urar awo ta ƙi tashi saboda an sabunta tsarin kwamfutocin. Wata dattijuwa daga unguwar, muna ce mata Iya, ta zo ta zauna a barandarmu da bokitinta, ta ce ƙafafunta sun gaji da ɗebo ruwa daga nesa, ba inda za ta sai ta ji sakamako.

Kafin azahar manhajar ta buɗe a kwamfutar Tela. Na yi tsalle.

"Miƙo, Yaya, miƙo!" na ce.

"Sauko ƙasa tukuna, ƙanena," in ji ta. "A tawa ta buɗe, tawa kuwa ta ci fayiloli ta ƙoshi. Sai Marainiya ta yarda."

Haushi ya kama ni, wallahi. Amma da ta sa ta a Marainiya, manhajar ta buɗe lafiya, tana fara lissafi ta mutu. Ashe tana jingine ne da wani tsohon fayil da ya daɗe a kwamfutar Tela, wanda babu shi a tawa. Da na karɓa da gaggawa, da ta mutu a tsakiyar awo, samfurin ya lalace, mu koma farko, rijiya ta ci gaba da zama a rufe. Tela ta saka fayil ɗin cikin ƙunshin tana 'yar waƙarta, Marainiya ta yarda, sannan Tela ta miƙo min.

Ruwan ya fito lafiya lau, aka ce a buɗe rijiyar. Iya ta kifa bokiti tana bugawa, ta sa min albarka, ta sa wa shugabanmu, har na'urar sai da ta samu rabonta. Tela na bayan ƙofa tana goge Marainiya.

Yau kin yi ritaya, Yaya. Ke ce mai gyaran rigar da ba ke kika yanka ba. Ke ce wadda in aikinki ya yi kyau ba mai tunawa da ke, kuma ba ki taɓa damuwa ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku masu tasowa a wannan aiki, kada ku ce abu ya gyaru don ya tashi a kwamfutarku. Ku gwada a wadda ba komai cikinta.

Ita kuwa Iya, na gaya mata gaskiyar wanda ya buɗe rijiyar. Ga ta can a baranda tun safe, Yaya, da bokiti cike, ta ce ke za ki fara sha.