Gidan Zanzaro a Cikin Kwamfuta

A daminar da matata ta sake samun ciki bayan ɓarin da ta yi, gidanmu na Tudun Wada ya koma gidan lallaɓa. Ko bokiti Inna, mahaifiyata, ba ta bari ta ɗaga. Ana cikin haka na kunna tsohuwar kwamfutata ta tebur, wadda na daɗe ban waiwaya ba, don in buga wa ɗalibaina tambayoyin jarrabawa. Ban yi nisa ba ta mutu ɗif. Ba ɗauke wuta aka yi ba, don ƙwan ɗakin yana ci.

Ni kuwa in abu ya lalace, sanin dalili ya fi damuna a kan gyara. Na sauya soket, na aro wayar wuta a maƙwabta, na danna maɓalli. Sai ta yi ɗan gurnani, fankar ciki ta motsa kamar mai shirin atishawa, ta fasa. Me ke riƙe ta? Na kwance murfin akwatin da wuƙar kicin, na haska tocila.

Gidan zanzaro na gani, ginin jar ƙasa tsaf, manne tsakanin fanka da bangon ƙarfe. Ashe zafi ne ya kashe ta, fanka ba ta juyawa. Na daɗe a tsugune ina kallo. Ta ina ya riƙa shigo da laka? Me ya gani a nan da bai gani a rufin ɗaki ba? Har ya toshe ƙofofin, alamar 'ya'yansa na ciki. Abin ya burge ni, amma na ɗaga wuƙa zan kankare.

"Dakata," in ji Inna daga bayana. "Da mai ciki a gida za ka fasa wa zanzaro ɗaki?"

"Haba Inna, camfi ne. Kimiyya fa nake koyarwa."

"To ka je ka koya wa 'yan ajinka. A nan gidan ba a fasawa."

Raina ya ɓaci. Na fara yi mata bayanin yadda ƙwari ke hayayyafa, ina ɗaga murya, sai na hangi matata a bakin ƙofa. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta yi karatu, ta kuma sha yi wa irin waɗannan maganganu dariya tare da ni. Ran nan ba ta yi ba.

"Malam," ta ce a hankali, "ni ban ce gaskiya ne ba. Amma ka bar su su fita da kansu."

Nan na gane irin tsoron da take kwana da shi ba ta faɗa mini. Na ajiye wuƙar. Tambayoyin da hannu na rubuta su. Da na zo mayar da murfin kuwa, sai na ga ni ma ina lallaɓawa kada ƙasar ta tsage.