Shado, Sunan da Ilu Ya Ɗauko a Kurmi

A Matankari na girma, a hannun kakata Inna Dije. Lokacin sanyi, da an ci tuwo, sai ta tara karan gero ta hura wuta a bakin ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta kiran kowa da sunan yanka idan rana ta faɗi. Ni Ladi take ce mini, ƙanena kuma Auta. Wani dare Auta ya zo da sunan Ingilishi da yaran unguwa suka laƙaba masa, yana ta fahari. Inna ta ajiye karan da ke hannunta.

"Mi a ma'anatai?" ta tambaye shi.

Bai sani ba.

"To matso, angona, ka jiya."

Ta ce an yi wani saurayi, Ilu, da ya tafi cin rani kurmi. Can abokan aikinsa masu jin Ingilishi suka riƙa ce masa Shado. Sunan ya yi masa daɗi. Da ya komo gida ya hana kowa ce masa Ilu, har uwarsa. Wani tsohon direba da ya zauna kurmi ya ja shi gefe ya ce, "Yaro, inuwa suke nufi. Sun ga kana bin su a baya, ba ka magana. Aje sunan ga." Ilu ya yi dariya.

Ran nan ya taso daga gona da almuru, ya biyo ta gindin wata tsamiya da aka san aljana doguwa na zaune. Sai ya ji murya, siririya, ta ce, "Shado." Ya amsa.

Inna ta ƙara kara a wuta. Muna jin karan yana ƙonewa.

Ta ce washegari da hantsi uwarsa ta fara lura: ga Ilu tsaye cikin rana, ƙasa fayau, babu inuwa. Daga nan ya soma ramewa. In ya yi sallama ba a ji. Uwar ta kwana uku tana zagaya tsamiyar tana kiran "Ilu! Ilu!" amma shi ya riga ya manta sunan, bai waiwayo ba. Har yau, in ji Inna, masu wucewa da tsakar rana suna ganin inuwar mutum a wurin, ba mutum.

Auta ya fashe da kuka. Ni kuwa na yi mako ina duba ƙasa in na fita.

Yanzu ina koyarwa a Dogon Dutsi, na san sunayen nan mafi yawansu wasa ne ko ƙauna. Ɗalibaina suna kiran juna Bos da Esfat, wato gwani, ba abin da ya same su. Na daɗe ina ɗauka Inna tsoron baƙon harshe kawai take.

Bara na ga wayar ɗiyata Hadiza ta yi haske, saƙo ya shigo. Wani yana ce mata Bebi, yana neman su haɗu bayan tasha. Na tambaye ta ko wane ne. Ta ce ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ya san sunanki?"

Ta yi tunani, ta girgiza kai. "Bai taɓa tambaya ba, Mama."

Sai wayar ta fara ƙara, na tuna muryar nan ta gindin tsamiya. Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta, ban sake shi ba sai da wayar ta gaji da ƙara.