Ƙofar da Na Hana Goggo Asabe

Kafin sunana ya ɓaci, ni yaron kirki ne a unguwar Utaibiyya, irin wanda iyaye mata ke ba wa makullin gida ba su waiwaya ba. A Makka aka haife ni. Kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna, mahaifina ya zama ɗan ƙasa, ni kuma na tashi da baki biyu, Hausa a gida, Larabci a titi. Da na gama sakandare sai na kama aikin mu'aƙƙib, wato mai bi wa mutane takardu ofis-ofis. Samari, da ku nake, musamman masu zaƙin baki irina.

Yawancin aikina neman ruhsa ne, izinin da baladiyya, wato hukumar gari, ke bayarwa kafin mutum ya buɗe wurin sana'a. Wadda ta fi wuyar samu ita ce ta wuraren shaƙatawar manya, gidajen shisha na bayan gari da kuma istiraha, gidan da ake haya don biki. Sai an zo an duba wayoyin wuta, an duba abin kashe gobara, an ga ƙofar gudu ta biyu. Tsofaffinmu kuwa bakinsu bai taɓa kama kalmar ba, rahusa suke cewa. Ni ma nakan biye musu in ce, "Baba, zan samo maka rahusa mai rahusa," mu yi dariya.

Wasa-wasa maganar ta zama gaske. Wani mai gidan shisha ruhsarsa ta ƙare, ga masu dubawa na tafe, ya roƙe ni in gyara masa kwanan wata kawai. Na gyara a kwamfuta. Babu abin da ya faru. Na biyu ko tunani ban tsaya yi ba. Kafin shekara ta zagayo na daina zuwa ofis ɗungurungum, a ɗakina nake buga ruhsa har da tambarinta. Na sayi mota, na soma tafiya kamar ni na gina unguwar. A lokacin ban taɓa kiran kaina ɓarawo ba, cewa nake ina rage wa talakawa wahalar layi.

Sai Goggo Asabe ta aiko kirana. Ƙawar mahaifiyata ce, mai kiɗan bikin mata, ita ta buga ƙwarya ranar sunana. Da aka rushe gidanta na unguwar Nakkasa, sai ta sa diyyar ta sayi wata ƙaramar istiraha a gefen gari, don ta huta da yawon gidajen biki. Ta nemi izini ta hanyar gaskiya, masu dubawa suka zo suka ce sai ta fasa bangon baya ta yi ƙofa ta biyu.

Ta ce da ni, "Ya waladi, ɗana, mata na ciki ba abaya, kai a buɗe, in huda musu bango ta wajen titi? Wace uwa za ta kawo min 'yarta? Ba wata hanya?"

Na san amsar. Na san dalilin ƙofar nan fiye da ita. Amma na ce, "Mafi mushkila, ba matsala, Goggo, ina da mutum a ciki."

Ta ɗaga min yatsa ta ce, "To ka ji, ruhsa nake so, ba rahusa ba. Araha ba ta ado."

Muka yi dariya. Da na kawo mata takardar ta rangaɗa guɗa, ta sa mata gilashi ta rataye a bakin ƙofa, ta shafa kaina ta sa min albarka. Har yau idan na tuna albarkar nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Ba na wurin ranar da abin ya faru, ƙanwata Maryam ce ta ba ni labari. Bikin suna ne bayan la'asar. Kamar yadda aka saba, kowace mace ta tuɓe abayarta a bakin ƙofa, aka tara abayoyin wuri guda, aka kulle ƙofar don kada namiji ya faɗo. Ana tsakar kiɗa kaskon turaren wuta ya taɓa labule. Hayaƙi ya tashi, mata suka yi ƙofa a guje, amma da suka isa sai suka tsaya, kowa na tonon tarin baƙaƙen abayoyi tana neman tata. Kada ku yi musu dariya. Macen da ta girma a garin nan, ƙafarta ba ta san yadda ake taka titi kai a buɗe ba, ko da wuta a bayanta. Na baya suka danne na gaba, yara na kuka a ƙasa, ga ƙofa ɗaya tal.

Goggo ta yar da ƙwarya ta cafki labulen da hannu biyu yana ci, ta fizgo shi ƙasa ta danne, tana ihu, "Ku fita haka nan! Yalla, ku fita, Allah ya ga uzurinku!" Babu wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Hannuwanta ne suka tafi.

Masu bincike suka same ta a gadon asibiti suka ce takardarta ta jabu ce. Ta ce musu, "Ƙarya ne. Ɗana ne ya kawo min, ɗana ba ya ha'inci," ta faɗi sunana don ta wanke ni. Da wannan shaidar aka kama ni. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Na yi shekaru a kurkuku. Abinci da zafi da cunkoso duk mutum yana sabawa da su. Abin da ban saba da shi ba shi ne duk lokacin da na ɗaga hannu zan yi addu'a, sai in ga yatsuna goma lafiya lau. A can na koyi aikin gini, a can kuma na yi tuban da ba na baki ba.

Da aka sake ni, gidan Goggo na fara zuwa. Na durƙusa daga bakin ƙofa na kasa ɗaga kai. Yatsunta sun ƙanƙance sun manne, ko kofin shayi sai ta haɗa hannu biyu. Na ce, "Goggo, ki yafe min."

Can ta ce, "Ni ma da nawa laifin, ni na ce ba na son ƙofar. Amma ni ban sani ba, kai ka sani." Ta kira 'yarta Hauwa ta ce ta miƙo min makullin istirahar, wadda ke rufe tun ranar gobarar. "An ce ka koyi gini. Bangon nan yana jiranka. In ka gama ka dawo mu yi maganar yafiya."

Ni na fasa bangon da guduma, na sa ƙofa, na gina ɗan shinge a gabanta yadda na titi ba zai hango ciki ba. Ashe abin da ya tsaya wa Goggo a rai ke nan, kuma da na ba ta wannan shawarar tun farko da shi ke nan. Hauwa ta bi layi ta samo ruhsa ta gaskiya. Goggo ta cika alkawari, ta yafe min.

Samari, idan hukuma ta ce a yi abu kafin a tara jama'a, kada ku ɗauka neman wahalar da mutane ne. Ku tambayi dalili. In dattijo ya amince muku ya ce ba wata hanya, ku gaya masa gaskiya ko ransa zai ɓaci, ɓacin rai yana warkewa. Ku ji tsoron gyaran farko, wanda kuke cewa kwanan wata ne kawai.

Ranar da aka sake buɗe wurin ina waje ina jiyo kiɗa, Hauwa ce ke bugawa. Maryam ta ce min Goggo ta sa an ajiye mata kujera kusa da sabuwar ƙofa, tana bin kiɗan da ƙafa. Da mata suka ɗauki tafi ta ɗaga hannuwanta za ta bi su, sai ta mayar da su kan cinya.