Ƙullutun Gwaggo da Ya Ƙi Fashewa

Muna idar da sallar asuba muka bar gida, ni da ƙanwata likita, amma sai da gari ya waye tangaran motarmu ta bar Katsina, don hanyar Jibiya ba a yi mata sammakon ganganci. Gwaggonmu ta Maraɗi za mu tara a kan iyaka. Sankarar mama gare ta. An yi mata ƙarin ruwan magani sau uku a Katsina, saura uku, sai ta aiko wai ta fasa, a kai mata takardunta bakin boda ta karɓa.

Shingaye kuwa na ƙirga har na gaji na bari. Gero ya fara fitar da kai a gonakin Daddara, kore shar, mata na tallar dafaffiyar gyaɗa. Kuɗin mota ya ninka na bara, direba kuma ya cusa mu huɗu a baya ko kunya babu.

Da hantsi muka isa. Manyan motoci sun yi layi, 'yan dako na ta kai da kawo, masu canji na kaɗa sefa da naira. Wannan ya ce kwastan, wancan ya ce duwan, duk abu ɗaya suke nufi. A rumfar mai shayi muka sami Gwaggo da dogon burodin nan nasu a gabanta, ko gutsira ba ta yi ba. Ta rame.

Ni na zaci zubewar gashi ce ta kore ta. Ashe ba ita ba ce. Gwaggo ta tashi ta ga duk kumburin da zai warke sai ya nuna ya fashe, mugunya ta fita. Wata biyu tana gasa wurin da ruwan zafi tana jira.

"Ɗiyata, mi ya hita?" ta tambayi ƙanwata. "Ban ga jini ba, ban ga komi ba. Maganinga ba shi aiki."

Na buɗe baki zan yi faɗa, ƙanwata ta taka mini ƙafa. Ta zaro hotuna biyu na asibiti, na farko da na bayan nan, ta jera. Ko ni da ban san kan abin ba na ga ƙullutun ya ragu.

"To ina ya tahi?" in ji Gwaggo.

Bayanin da ya biyo baya har mai shayi sai da ya ajiye kofi. Ƙanwata ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kuma kowace an halicce ta da umarnin mutuwarta a cikinta. Idan ta tsufa ko ta lalace, da kanta take motsewa ta rarrabu, wasu ƙwayoyin su zo su kwashe, shiru kake ji. Sankara ita ce ƙwayoyin da suka toshe kunne suka ƙi bin umarnin. Magani yana jikkata su ne har umarnin ya farka. Wasu taurin kai gare su, shi ya sa ba a yankewa a tsakiya, in an bar su sai su sake yaɗuwa.

Sai ta kama hannun Gwaggo ta ce, "Tun kina cikin ciki yatsun nan a haɗe suke kamar ƙafar agwagwa. Ƙwayoyin da ke tsakani ne suka mutu a kan lokacinsu, kika sami yatsu."

Ga ni ƙato da gemu, a tsakiyar hayaniyar boda, ina buɗe yatsuna ina kallo. Gwaggo ta daɗe tana juya tafinta, sannan ta ce, "Allahu Akbar. Ashe su ma da ajalinsu."

Yaron motar Maraɗi na ta kiran saura mutum ɗaya. Gwaggo ta dube shi, ta miƙo mini jakarta ta ce in wuce gaba.

Da la'asar muka shigo Katsina mu uku. Ƙanwata ba ta yi mana alkawarin warkewa ba, ta ce a yi magani a yi addu'a. Ni dai tafiyar nan ta nuna mini cewa kullum ana mutuwa a cikin jikina don in rayu, ban taɓa sani ba balle in gode. Ranar Litinin Gwaggo ta miƙa hannu aka ɗaura mata ruwa na huɗu.